Faifan Kaba da Faifan Roba

Faifai daga baki yake fara lalacewa. Tsakiyarsa kan yi shekaru lafiya lau, amma bakin nan da yatsu suke kamawa kullum, wanda ake bugawa a gefen turmi a karkaɗe gari, wanda ake jinginawa a bango ƙasa tana cinsa, shi ne ke fara sakin kaba. Da zarar zare ɗaya ya tsinke ciyawar ciki ta leƙo, sai ya dinga warwarewa zagaye bayan zagaye, yana komawa baya ta hanyar da aka bi aka saƙa shi. Shi ya sa matan ƙauyenmu a ƙasar Roni, in sun je sayen faifai, ba sa tsayawa kallon adon tsakiya. Sai mace ta bi bakin da babban yatsa ta zagaye shi kaf, ta ɗan lanƙwasa shi ta ji ko zai koma daidai, sannan ta ɗaga shi sama ta duba ko hasken rana yana ratsawa. In haske ya ratsa, gari ma zai ratsa. Sai ta ajiye ta ɗauki wani.

Kakata ta wajen uwa da wannan sana'a ta tsufa, kuma a gindinta na zauna tun ban isa a ba ni basilla ba. Kayan aikinta ba su da yawa: damin kaba, damin siririyar ciyawa irin wadda ake tsintsiya da ita, basilla, 'yar wuƙa, da ƙwarya da ruwa. Kabar da take so ita ce ganyen da bai gama buɗewa ba. A yanko shi a shanya, in ya bushe a tsaga shi da farce siri-siri, a ware ƙashin da ke jikin kowane ganye. Kafin a fara aiki sai an jiƙa shi an nannaɗe a ɗanyen tsumma, domin busasshiyar kaba karyewa take yi in an tanƙwara ta. Daga cibiya ake farawa. A ɗauki 'yar ciyawa kaɗan a naɗe ta da kaba a murɗa ta ta zama ƙulli, daga nan a yi ta zagayawa, kowane zagaye ana huda wanda ya riga shi da basilla a zura kaba a ja, a ɗaure sabo da tsoho. Ciyawa tana ƙarewa ana cusa wata a cikin damin ba tare da an ga mahaɗa ba. Gwaninta duka a jan nan take. In an ja da ƙarfi ainun faifai ya kumbure ya zama kamar zai yi kwando, in an sassauta ya yi laɓo-laɓo ya kasa ɗaukar mudu guda. Kaka kan ce hannun da ya fara faifai shi zai gama shi, ba ta yarda wata ta karɓa mata a tsakiya ba, don jan kowa daban ne, kuma faifai yana nuna inda aka sauya hannu.

Kaba da goriba abu ɗaya ne, shekaru ne suka raba su. Kaba ita ce goriba tun tana ƙasa ba ta yi gangar jiki ba. In an ƙyale ta, a hankali sai ta miƙe ta zama bishiyar nan mai rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, ta yi 'ya'yan da yara ke gwaguya su bar ƙodago. In kuwa ana yanke mata sabon ganye kowace shekara, haka za ta zauna a ƙasa tana yaɗuwa gefe-gefe. Tana son rairayi da wurin da ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka mu mutanen duwatsun Roni da Kazaure muna da ita jefi-jefi a fadamu da bakin rafuka, amma in kaba mai yawa ake so sai a nufi gabas da arewa, wajen jigayin Babura da abin da ya yi gaba. Babura ba ta cikin masarautar Kazaure, a da ƙasar Kano ce, yanzu kuma tana ƙarƙashin Ringim, sai dai jakin kaba bai taɓa tambayar iyakar sarauta ba. A kasuwa ɗaya ake haɗuwa.

Masarautar Kazaure ta kafu ne wajen 1819 a hannun Ɗan Tunku, bayan takun-saƙarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824 ya yi mulki har 1857. Littattafan tarihi sun cika da wannan, da yaƙe-yaƙe, da hare-haren Damagaram. Abin da ya shafi maganata a ciki shi ne ƙasar ta zama matattarar Fulani da shanunsu, daga Roni har Gwiwa da 'Yankwashi. Inda shanu suke akwai nono, inda nono yake kuwa dole a sami abin rufe ƙwarya. Bafulatana da ta ɗauko nono daga ruga zuwa gari tana bukatar marfin da zai hana ƙura da ƙuda, ya bar iska ta shiga kada nonon ya yi zafi, kuma ya zauna a kan ƙwarya ba zamewa duk da rangajin tafiya. Katako ya yi nauyi, fata tana wari, wata ƙwaryar kuma santsi gare ta. Faifai ne ya cika sharuɗɗan nan duka. A kansa ake ɗora ludayi da 'yar ƙwaryar fura, kaushinsa ya riƙe su. Har gobe in kin tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Dambatta da Kazaure, za ki ga masu nono da faifai a kan ƙwarya ko a kan roba. Mazubin ya sauya a wurin wasu, marfin bai sauya ba.

Hanyar nan ita ce ta wuce Daura ta shiga Kwangwalam ta nufi Damagaram, kuma ta nan da ta Maigatari, mai cin kasuwa ran Alhamis, kaba da tabarmi suke gangarowa daga Nijar tun da daɗewa. A jihar Maraɗi akwai kwari guda da ake kira Gulbin Kaba, ya bi ta ƙasar Tasawa da Mayahi, inda mata da yawa da yankan kaba da sayar da ita suke ci da gidajensu. Kaka tana bambance kabar arewa da ta gida da ido: ta arewa ta fi tsawo da fari, ta gida gajera ce amma ta fi ƙarfi, ita take ajiyewa don zagayen ƙarshe.

Wanda bai zauna a tsakar gida ba zai ɗauka faifai iri ɗaya ne. Akwai na rufi, ƙarami, shimfiɗaɗɗe, shi ake yi wa ado. Akwai kuma na aiki, matankaɗi, mai faɗi da ɗan zurfi kaɗan a tsakiya, ba ruwansa da launi. A zamanin da na taso, shekarun 1960, hatsi ba ya zama tuwo sai ya bi ta kansa sau biyu aƙalla. An sussuka gero an sheƙe ƙaiƙayi a iska da ƙwarya. An surfa a turmi, sai bakace: a zuba a faifai a dinga watsa shi sama ana tarewa, dusa tana tashi gaba tana zuba, tsaba tana dawowa. Bayan an wanke an daka, sai tankaɗe, kuma a nan ne ake gane faifai na ƙwarai. Mace za ta zauna ta miƙe ƙafa, ta riƙe shi da hannu biyu a ɗan karkace, tana girgizawa tana bugun gefensa da yatsu. Lallausan gari sai ya maƙale a layukan saƙar ya tsaya a sama, tsaki kuwa mai nauyi ya gangaro ya taru a bakin ƙasa, ta share shi ta mayar turmi. Babu rami ko ɗaya da gari ya bi, amma an raba shi biyu. Layukan nan masu zagaye, da kaushin kaba, su ne suka yi aikin. Na sha gwada wa ɗalibaina wannan lokacin da nake koyarwa a firamare: a zuba gari a tiren ƙarfe a girgiza, duka zai zame tare, a zuba a faifai, nan take ya rabu.

Sabon faifai kuwa ba shi ne mafi kyau ba, wannan kowace mace ta sani. Sabo yana da ƙaiƙayi a hannu, yana cin gari a ramukansa, kuma ya cika tauri. Akan fara murje shi da dusa, a yi ta bakace da shi wata da watanni kafin a amince masa da tankaɗe. A hankali gari ya cike ƙofofin, gumin hannu ya lallashe bakin, ya ɗan lotsa daidai yadda mai shi take riƙewa. A lokacin ne ya nuna, kuma a lokacin ne mace ba ta son ba da aronsa. Maƙwabciya za ta aiko yarinya, "Wai in ji Innata a ba ta aron faifai," sai a ɗauko sabon a miƙa mata, tsohon yana rataye a ɗaki. In ya wuce wannan mataki sai a sauke shi zuwa rufe tukunya, daga nan fifita wuta, daga nan zuba wa kaji tsaki, har ya ƙare a murhu. Ban taɓa ganin an jefar da faifai a juji yana da sauran amfani ba.

Na ado shi ne ya fi saurin bin zamani. Launukan farko daga gona da daji suke: ja daga karan dafi da ɗan kanwa, baƙi daga bagaruwa da tsatsar ƙarfe, rawaya daga gangamau, irin dai kayan da dukawa suke rina fata da su. Ba su da ƙyalli, amma suna shiga jikin kaba su zauna. Turawa sun ƙirƙiro rinin kanti tun 1856, kuma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kantunan kamfanoni suka cika, 'yan koli suka ɗauko galura a ƙullin takarda suka kai ta kowace kasuwar ƙauye. Kore shar da shuɗi da ruwan hoda suka hau faifai. Zamanin gyaɗa ne, kuɗi sun shigo hannun manoma, su ma mata suna samun nasu a ɓarar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma macen da ke cikin kulle tana iya saƙa a ɗaki ta ba yarinya ko dillaliya ta kai kasuwa. Ɗakin amarya a lokacin da ƙore da fayafayai ake jere shi, a kafa su a bango sahu-sahu, dangin ango su shigo su ƙirga. Ina ganin a nan ne sana'ar ta kai ƙololuwa wajen kyau, a nan ne kuma ta fara rauni, domin faifan da za a kafa a bango ba wanda zai tambayi ƙarfin bakinsa. Masu saƙa suka gane ido ake saye da shi, suka rage ja, suka ƙara launi.

Daga nan kwano ya zo. Da farko daga Turai da Hong Kong ake kawo shi, sannan daga wajen 1960 aka kafa masana'antunsa a Ikko da Kano, yawancinsu a hannun Sinawa. Langa da samira da fanteka suka hau jere suka sauke ƙwarya, kuma kowane kwano da marfinsa yake zuwa. Cikin shekaru kaɗan uwar da ta kai 'yarta ɗaki da fayafayai zalla sai a yi da ita. Mutane suna cewa roba ce ta kashe faifai, ni kuwa na ga abin da idona, kuma kafin roba ta yi yawa an riga an ƙwace masa aiki biyu. Marfin kwano ya ƙwace rufi. Injin niƙa da rariyar waya suka ƙwace tankaɗe, don garin inji da laushinsa yake fitowa, 'yar rariya ta ishe shi. Lokacin da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa suka cika kasuwanni da bokiti da baho da tiren roba, abin da ya rage wa faifai a tsakar gida shi ne bakace da tsintar shinkafa da wake, kuma wannan roba ta kasa karɓa. Tiren roba santsi gare shi, in an watsa hatsi sama ya dawo sai ya yi tsalle ya zube, in hannu ya yi gumi ya suɓuce, in ya sha rana ya tsage.

Mu yara kuwa wani amfani muka gano. Duk abin da yake da faɗi kuma zagayayye, yaro sai ya wulla shi ya ga yadda zai tashi. Mun gwada faifai a ɓoye, don in babba ya gani faɗa ne, abin da abinci ke hawa ba a wasa da shi. Ba ya ma tafiya. Ba shi da nauyi, iska tana kama kaushinsa, yana barin hannu sai ya kife. Marfin langa da ya tsufa shi ne gwani: yana da ɗan nauyi, bakinsa a lanƙwashe yake ƙasa, yatsu suna samun wurin kamawa, in an murza shi da wuyan hannu sai ya yi ta shawagi har bayan danga. Illarsa in ya sami goshi sai jini. Daga baya marfin roba na gwangwanin madara da na bokitin fenti suka maye gurbinsa, su ne yaran Kazaure suke wullawa a fili har yau.

Abin da muka yi muka bari a matsayin wasan yara, a Amurka wasu sun riƙe shi har ya zama sana'a. A garin Bridgeport akwai gidan gashi mai suna Frisbie, wanda aka kafa a 1871, yana sayar da kayan gashinsa a faranten gwangwani, ɗalibai kuma in sun cinye sai su yi ta jifan juna da farantin. A Kalifoniya kuma, a 1937, wani saurayi Walter Morrison da budurwarsa suka fara da marfin gwangwanin gugguru, suka koma farantin gasa kek, suna saye a senti 5 suna sayarwa a bakin teku a senti 25. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1948, ya fitar da na roba, sai dai robar farko gautsi gare ta, tana fashewa. A 1955 ya sake fasali da roba mai laushi, a 1957 ya sayar wa kamfanin Wham-O, su kuma suka raɗa masa suna Frisbee. Wani ma'aikacinsu, Ed Headrick, shi ya ƙara wa bayan faifan layuka masu zagaye, ɗaya cikin ɗaya, don su daidaita tafiyarsa a iska, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1967. Babban yatsa ma a kansu yake samun wurin zama. Headrick ɗin ne ya shirya filin farko na dindindin na wasan golf na faifai a 1975, a wani lambu mai suna Oak Grove kusa da Pasadena, ya kafa ƙungiyar 'yan wasan a 1976, a 1977 kuma ya yi rajistar kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da ke tare faifai ya faɗa ciki. Wasan dai shi ne a tsaya daga nesa a yi ta jifa har faifai ya shiga kwando, wanda ya yi jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Da mutumin nan ya mutu a 2002, bisa wasiyyarsa aka ƙone gawarsa aka cuɗa tokar a robar wasu fayafayai. Wannan ba al'adarmu ba ce, kuma jikina ya yi sanyi da na ji, amma ya nuna inda ya ajiye ransa.

Babban sauyi ya zo a 1983, lokacin da Dave Dunipace da abokansa suka kafa kamfanin Innova suka fitar da faifai mai baki a fiƙe, mai kauri daga ciki, maimakon baki mai zurfi na faifan cafe. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa murza katantanwa: muddin tana juyawa da ƙarfi ba ta faɗuwa. In aka tara nauyin faifai a bakinsa, juyin ya fi daɗewa, ya fi tsayawa a kan hanyarsa, fiƙaƙƙen bakin kuma ya yanka iska. Da irin wannan ne David Wiggins ƙarami ya yi jifan mita 338 a 2016 a hamadar Nevada, da taimakon iska mai ƙarfi. Ƙungiyar 'yan wasan ta sa ƙa'ida: kada faifai ya wuce giram 200, faɗinsa kada ya gaza santimita 21 ko ya haura 30, kuma ana gwada kaifin bakinsa da taurinsa kafin a yarda a shiga gasa da shi. Har kwangilar dala miliyan 10 ta shekara 10 aka ƙulla a 2021 tsakanin ɗan wasa Paul McBeth da kamfanin Discraft.

Ni ban san da wannan duka ba sai da ɗan ƙanena ya dawo daga karatu a Finlan, ƙasar da wasan ya karɓu ƙwarai, da fayafayai a jakarsa. Ya baje su a tabarma a gabana. Akwai na kusa mai baki dagwas, akwai na tsaka-tsaki, akwai na nesa mai faffaɗan baki da yatsu huɗu suke shiga ƙarƙashinsa. Kowanne da lambobi huɗu a jiki, na gudu, na shawagi, na karkata a farkon tafiya, da na faɗuwa a ƙarshe. Ban kula da lambobin ba, hannuna ne ya tafi bakin. Biyu daga ciki fasalinsu ɗaya, amma ɗaya garau yake yana ƙyalli, mai tauri da santsi, ɗayan kuma dusu-dusu, duk ya kwarzane, yatsa yana kama shi.

Na ce, "Ɗana, wannan ai ya mutu, me kake yi da shi?"

Ya ce, "Gwaggo, ai shi na fi ji da shi. Mai ƙyallin ya fi tsada, zai yi shekaru yana dukan itace da dutse tafiyarsa ba ta sauya ba, amma in ruwa ya taɓa shi ko hannu ya yi gumi sai ya suɓuce. Wannan mai arahar kuwa yana zama a hannu, sai dai yana saurin cinyewa, kuma yana cinyewa tafiyarsa tana sauyawa. Akwai lokacin da yake kaiwa daidai yadda nake so. Yanzu yana wurin. In ya ɓata, sabo ba zai maye shi ba sai na yi wata da watanni ina jifa da shi."

Ya ce 'yan wasa har 'yar jaka suke ɗauka mai garin katako ko alli don busar da hannu, kuma kamfanoni suna ta haɗa robobi iri-iri suna neman wadda za ta yi ƙarko ba ta yi santsi ba. Har akwai masu yin faifai da roba biyu, tsakiya daban baki daban. Na zauna ina sauraronsa ina jin maganar da na saba ji a tsakar gida tun ina yarinya, a bakin matan da ba su taɓa shiga aji ba. Abin da ke kama hannu yana cinyewa, abin da ba ya cinyewa yana zamewa, kuma mai aiki da abu kullum yana son sa a tsakiyar rayuwarsa. Bambancin da na gani shi ne su can sun rubuta, sun auna, sun sa lamba, sun yi rajista da sunan mutum. Mu a nan ko sunan wadda ta fara daje bakin faifai da jar fata ba a riƙe ba, alhali dabara ce babba: ta bar fuskar a kaba don ta kama gari, ta sa wa bakin abin da zai jure hannu.

Wannan ciniki tsakanin ƙarko da riƙo yana nan a kasuwanninmu yau, da sabon kaya. Tun da buhun roba ya maye buhun algarara, mata suka gano ana warware zarensa a naɗe ciyawa da shi maimakon kaba. Ga shi kyauta ko kusa da haka, ga launi, ba ya bukatar jiƙo, ruwa ba ya ruɓar da shi, gara ba ta ci. Wasu ma da ledar alewa da ta biskit suke yi, ya fito yana walƙiya. Ba na raina shi, don na san gidajen da kuɗinsa ke sayen sabulu da littafin makaranta, kuma wajen rufe abinci ya yi. Amma na tsaya gaban wata dattijuwa mai sayarwa a Gwiwa, ta jera na buhu a gaba, na kaba kuma 'yan kaɗan a bayanta ƙarƙashin zane. Na ce, "Inna, na bakace nake so." Ba ta ko dubi na gaban ba, ta juya ta zaro na kaba ta ce, "Hajiya, wancan na 'yan birni ne, hatsi ba ya zama a kansa." Akwai kuma abin da ya fi damuna. Zaren buhu in ya sha rana yana ruɓewa ya zama gari-gari, kuma in a kansa ake tsintar shinkafa, a tukunya zai ƙare. Kaba in ta marmashe ciyawa ce. Kuma ba a kusantar da na buhu ga murhu, balle a ɗora shi a kan tukunya mai zafi. Wasu masu saƙa sun fara yin abin da ya fi dacewa a ganina, wato jiki na kaba, zagaye biyu na ƙarshe na zaren buhu, kuma irinsa nake saye in na samu.

Abin da zai yanke hukunci a kan sana'ar dai kabar ce da kanta. Farin 1973 da na 1984 sun tura mutane da yawa ga yankan kaba don neman abin sawa a baka, gonaki kuma sun cinye dajin da take yaɗuwa a ciki. Manomi yana ganinta a matsayin mai cin wuri, sai ya sare ya ƙone kafin shuka. Wadda ta tsira kuma ana yanke mata zuciya tun ba ta kai ko'ina ba, saboda haka manyan goriba suna tsufa suna faɗuwa babu masu maye su. Da aka rufe iyaka da Nijar a watan Agustan 2019, aka sake rufewa a Agustan 2023, masu saƙa a wajenmu sun ji a jikinsu, dami ya yi tsada, da yawa suka koma buhu ba don sun fi son sa ba. A can Maraɗi da Damagaram manoma sun daɗe da komawa ga barin itatuwa su tsiro a cikin gona suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa, kuma goriba tana cikin waɗanda suka amfana. Dabarar ba ta da wuya: a kowane kurmin kaba a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a ɗaura musu tsumma, kowa ya san ba a taɓa su, sauran kuma mata su yanka, su bar ganyen tsakiya. Wani ɗan'uwanmu a ƙasar Babura ya yi haka a gonarsa ta gado. Gero yana yi a gindinsu, don inuwar goriba ba ta da duhu, matan gidan suna samun kabar saƙa ba su je kasuwa ba, kuma waɗanda ya fara ɗaura wa tsumma yanzu sun fi tsawon mutum, ɗaya har ta fara rabuwa biyu.